Kimiyyar Muhalli: Muhimman Kalmomi da Tushen Fahimtarta

Kimiyyar muhalli fanni ne na ilimi da ke nazarin yadda ƙasa da ruwa da iska da halittu masu rai suke cuɗanya da juna, da yadda ayyukan ɗan Adam ke sauya wannan cuɗanya, da kuma hanyoyin gyara ɓarnar da ta auku ko hana ta aukuwa. Abin da ake nufi da muhalli shi ne duk abin da ya kewaye mai rai kuma yake shafar rayuwarsa, mai rai ne ko marar rai: hasken rana, zafi da sanyi, ruwan sama, irin ƙasar da ake takawa, tsirrai, dabbobi, har da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Fannin yana ɗebo daga ilimin halittu da na sinadarai da na duwatsu da na yanayi, yana kuma buƙatar ilimin tattalin arziki da shari'a da lafiyar al'umma, domin matsalar muhalli takan faro daga gona ko masana'anta, ta ƙare a asibiti ko a kotu.

Ƙa'idoji uku ne suka riƙe fannin. Ta farko, babu abin da ke ɓacewa: duk abin da aka zubar ko aka ƙona ya sauya kama ne kawai, ya koma wani wuri. Ta biyu, makamashi yana shigowa daga rana, yana ratsa halittu, yana fita a matsayin zafi, ba ya komawa baya. Ta uku, kowane tsari yana da iyakar abin da zai iya bayarwa da abin da zai iya jurewa. Yawancin kalmomin da ke ƙasa bayani ne a kan waɗannan ukun.

Taƙaitaccen tarihi

Manoma da makiyaya da masunta sun daɗe da sanin halin ƙasa da ruwa ta hanyar lura da gado. Tsara wannan sani a matsayin kimiyya ya fara ƙarfi a ƙarni na 19. A 1866 masanin halittu na Jamus, Ernst Haeckel, ya raɗa wa nazarin alaƙar halittu da muhallinsu suna ekoloji. A 1935 masanin tsirrai na Ingila, Arthur Tansley, ya gabatar da tunanin kallon halittu da mazauninsu a matsayin tsari guda.

Bala'o'in tsakiyar ƙarni na 20 ne suka fito da fannin daga ɗakunan bincike zuwa bainar jama'a. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na wasu kwanaki, ya hallaka dubban mutane. A 1956 aka gano cutar Minamata a Japan, wadda ta samo asali daga zaibar da wata masana'anta ke zubarwa a teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci. A 1962 Rachel Carson ta Amurka ta wallafa littafinta Silent Spring a kan illar magungunan ƙwari. A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taronta na farko kan muhalli a Stockholm, babban birnin Suwidin, wanda ya haifar da hukumar UNEP mai hedikwata a Nairobi. Ranar buɗe taron, 5 ga Yuni, ita ake kiyayewa a matsayin Ranar Muhalli ta Duniya.

Sassan duniya huɗu

Masana sukan kasa duniya kashi huɗu domin sauƙin nazari, ko da yake sassan a haɗe suke.

Iska: rufin iskar da ya kewaye duniya ya ƙunshi naitirojin kashi 78 cikin 100, oksijin kashi 21, sauran kuma argon ne da kabon dayoksaid da wasu ƙalilan. Gajimare da hadari da guguwa duk suna faruwa ne a hawa na ƙasa-ƙasa, wanda tsayinsa yake tsakanin kilomita 8 zuwa 15 gwargwadon wuri.

Ruwa: kimanin kashi 97.5 cikin 100 na ruwan duniya mai gishiri ne. Ragowar kashi 2.5 ne ruwan daɗi, kuma mafi yawansa a daskare yake cikin ƙanƙarar doron duniya da ta kan duwatsu, sai kuma na ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke cikin koguna da tafkuna ɗan ƙaramin kaso ne ƙwarai.

Ƙasa: wannan ya haɗa da duwatsu da ma'adinai da ƙasar noma. Ƙasar noma cakuɗe ce ta rairayi da laka da ruɓaɓɓen ganye da iska da danshi da ƙananan halittu. Samuwar santimita ɗaya nata takan ɗauki ɗaruruwan shekaru, amma ruwan sama ɗaya mai ƙarfi yana iya kwashe ta daga gonar da ba ta da rufin tsiro.

Halittu: dukan masu rai, daga bakteriya zuwa giwa, da duk inda suke rayuwa.

Misalin haɗuwar sassan shi ne hazon hunturu. Ƙurar da iska ke ɗagawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe, ita ce wani ɓangare na hazon da ke rufe Kano da Damagaram. Wani kaso na ƙurar Sahara yana ƙetare tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon, ya kai masa sinadarin fosfaras da tsirransa ke buƙata.

Halittu da mazauninsu

Jinsi shi ne rukunin halittun da za su iya hayayyafa a tsakaninsu su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Mazauni shi ne wurin da jinsi yake samun abinci da ruwa da mafaka: kada da gulbi, gafiya da rami, ungulu da dogayen bishiyoyi. Idan aka haɗa dukan jinsunan da ke wuri ɗaya da abubuwa marasa rai da suke dogaro da su, an sami abin da ake kira tsarin rayuwar halittu. Yana iya zama ƙarami kamar kududdufi, ko babba kamar dajin Kwango.

Alaƙa tsakanin halittu iri-iri ce. Akwai farauta, kamar ta shaho da 'yan tsaki. Akwai gasa, kamar ta ciyawa da gero a kan danshi da taki. Akwai cin jiki, inda ɗaya ke ƙaruwa ɗaya na cutuwa: ƙuduji, wanda ake kuma ce wa wuta-wuta, yana manne wa saiwar dawa da gero ya tsotse abincinsu tun kafin ya fito fili, haka kauci yake yi a reshen bishiya. Akwai cin moriya ba tare da cutarwa ba, kamar balbela da ke bin shanu tana kama ƙwarin da sawunsu ya tayar. Akwai kuma cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, kamar ƙudan zuma da fure: shi ya sami abin yin zuma, furen ya sami barbara.

Bishiyar gawo ta tattara da yawa daga waɗannan darussa. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke cika da ganye, ita sai ta kaɗe nata, don haka ba ta yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Da rani ta yi kore, dabbobi su fake a ƙarƙashinta, su ci 'ya'yanta, su bar kashinsu a wurin. A saiwarta akwai bakteriya masu kama naitirojin daga iska su mayar da shi abincin tsiro. Wannan ya sa geron da ke gindin gawo yakan fi na fili tsayi da cikar zangarniya, abin da manoman ƙasar Hausa suka sani tun kafin a auna shi a ɗakin bincike.

Sarƙar abinci da tafiyar makamashi

Tsirrai da gansakuka su ne masu samar da abinci. Da taimakon koren sinadarin da ke cikin ganye, suna haɗa ruwa da kabon dayoksaid ta amfani da hasken rana, su samar da sukari, su saki oksijin. Duk sauran halittu a kan wannan aiki suka dogara. Masu cin tsiro, kamar fara da akuya, su ne hawa na biyu. Masu cin nama, kamar ƙadangare da shaho, su ne na gaba. A ƙarshe akwai masu ruɓar da matattu: bakteriya, fumfuna, gara, tana da buzuzu, waɗanda ke mayar da gawa da kashi da busasshen ganye su zama abincin tsiro. Jerin wa-ke-cin-wa shi ne sarƙar abinci, kuma da yake kowane jinsi yana cin abu fiye da ɗaya, sarƙoƙin sukan sarƙe su zama raga.

A 1942 Raymond Lindeman ya nuna cewa ɗan kaɗan ne na makamashi ke haurawa daga hawa zuwa hawa. A ƙiyasi na gama-gari, kimanin kashi 10 cikin 100 ne, sauran yana tafiya wajen motsi da numfashi da zafin jiki. Dalili ke nan da ya sa a kowane daji ciyawa ta fi barewa yawa nesa ba kusa ba, barewa kuma ta fi zaki, kuma shi ya sa manyan masu farauta ne ke fara ɓacewa idan daji ya ƙanƙance.

Zagayen sinadarai

Makamashi wucewa yake yi, amma sinadarai zagayawa suke yi.

Zagayen ruwa: rana tana tayar da tururi daga teku da tafki da ganyen tsirrai, tururin ya zama gajimare, ya sauko a matsayin ruwan sama. Wani ya kwarara zuwa rafi da kogi, wani ya nutse ya zama ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyi ke kaiwa gare shi. Inda akwai bishiyoyi da ciyawa, ruwa yakan sami zarafin nutsewa. Inda ƙasa ta zama fako ko aka shafe ta da siminti, sai ya gudu a sama, ya haddasa zaizaya da ambaliya. Idan yawan ruwan da rijiyoyin burtsatse ke zuƙowa ya wuce wanda damina ke mayarwa, matakin ruwan ƙasa yakan yi ta sauka, rijiyoyin gargajiya su ƙafe.

Zagayen kabon: tsiro yana ɗaukar kabon daga iska, dabba ta ci tsiro, numfashi da ruɓewa da ƙuna su mayar da shi iska. Kwal da man fetur da gas kabon ne na halittun da suka mutu miliyoyin shekaru da suka wuce, ya taru a ƙarƙashin ƙasa. Ƙona su yana sakin abin da ya taru cikin dogon zamani a ɗan ƙanƙanin lokaci. Teku da dazuzzuka da ƙasa suna shanye kusan rabin abin da ake saki, ragowar yana taruwa a sama.

Zagayen naitirojin: duk da yawansa a iska, tsiro ba ya iya amfani da shi kai tsaye sai bakteriya sun sarrafa shi, musamman waɗanda ke zaune a saiwar wake da gyaɗa da waken suya. Hikimar shuka wake a tsakanin gero ke nan. A farkon ƙarni na 20 Fritz Haber da Carl Bosch na Jamus suka samo hanyar kama naitirojin a masana'anta, wadda ita ce tushen takin zamani. Takin ya ƙara abinci ƙwarai a duniya. Amma idan ya yi yawa, ruwa ya wanke shi zuwa tafki, gansakuka takan yi ta haɓaka, ta mutu ta ruɓe, ruɓewar ta cinye oksijin ɗin ruwan, kifi ya mutu.

Albarkatu da iyakar ɗauka

Albarkatun ƙasa iri biyu ne. Masu sabuntuwa su ne waɗanda ke maye gurbin kansu, kamar hasken rana, iska, itatuwa, kifi da ciyawar kiwo. Marasa sabuntuwa su ne waɗanda in an haƙo sun tafi ke nan, kamar man fetur, kwal, zinariya da yuraniyom ɗin Arlit. Abin lura shi ne, mai sabuntuwa ma yana ƙarewa idan ana ɗibarsa fiye da saurin da yake mayar da kansa. Daji da ake sara fiye da yadda yake tsiro, ko tafkin da ake kamun kifinsa da raga mai ƙananan idanu, duk ƙarshensu ɗaya.

Iyakar ɗauka ita ce yawan halittun da wuri zai iya ciyarwa na tsawon lokaci ba tare da ya lalace ba. Makiyaya tana da adadin shanun da za ta iya ɗauka, kuma adadin yana hawa da sauka gwargwadon damina. A yankin Sahel, inda ruwan bana ba ya nuna na baɗi, tafiyar makiyaya arewa da damina da kudu da rani hanya ce ta bin wannan iyaka, saboda tana ba ciyawa hutu. Toshe burtali da mayar da makiyaya gonaki suna tara dabbobi a wuri ɗaya, ƙasa ta gaji, rikici ya biyo baya. Yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8 a watan Nuwamba na 2022, amma nauyin da ake ɗora wa duniya ya danganta da yawan abin da kowane mutum yake ci da ƙonawa da zubarwa, kuma a nan tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta babba ce.

Yalwar halittu

Yalwar halittu tana nufin bambancin masu rai a matakai uku: bambancin iri a cikin jinsi ɗaya, kamar ire-iren dawa da gero da manoma suka adana, bambancin jinsuna, da bambancin mazaunai. Amfanin da mutane ke samu daga wannan yalwa ba tare da biya ba ana kiransa hidimar muhalli: barbarar amfanin gona, tace ruwa, riƙe ƙasa, magunguna, itacen girki da abincin daji irin su kuka da ɗorawa da kaɗanya da goriba.

Darajar irin wannan hidima takan bayyana ne bayan an rasa ta. A shekarun 1990 ungulayen Indiya suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda cin mushen shanun da aka yi wa allurar maganin diclofenac, wanda ke lalata musu ƙoda. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru, haɗarin cizon mahaukacin kare ya ƙaru tare da su. Indiya ta hana ba dabbobi maganin a 2006.

Manyan abubuwan da ke rage yalwar halittu su ne lalata mazauni, farauta da kamun da suka wuce kima, gurɓacewa, sauyin yanayi da baƙin jinsuna masu mamaya. Giwan ruwa, wanda ɗan gida ne a Kogin Kwara da Tafkin Chadi, da aka saka shi a Tafkin Victoria a shekarun 1950 ya cinye ƙananan kifaye har jinsuna masu yawa suka ɓace. Ƙungiyar IUCN tana riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari tun 1964. Kariya kuma tana aiki idan an yi da gaske: raƙuman dawa na yankin Kure a Nijar, waɗanda su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma, sun ragu zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990, daga baya suka haura 600.

Gurɓacewa

Gurɓacewa ita ce shigar wani abu cikin iska ko ruwa ko ƙasa da yawan da zai cutar da masu rai. Ana bambanta wadda ke fitowa daga tushe guda da za a iya nunawa, kamar bututun dattin majema, da wadda ke taruwa daga wurare barkatai, kamar hayaƙin ababen hawa da ledar da iska ke watsawa. Ana kuma bambanta abin da ke ruɓewa, kamar ɓawon rake, da wanda ba ya ruɓewa, kamar roba da ƙarafa masu guba.

A gurɓatar iska, mafi haɗari su ne ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ƙura da ake kira PM2.5, waɗanda suka fi gashin mutum siranta kusan sau 30, suna shiga can cikin huhu har su kai ga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska tana da hannu a mutuwar mutane kimanin miliyan 7 a kowace shekara, kuma babban kaso daga ciki na hayaƙin girki ne da itace da gawayi a ɗakunan da ba su da mafitar iska, inda mata da ƙananan yara suka fi shaƙa.

Wasu gubobi ba sa fita daga jiki, taruwa suke yi, kuma suna ƙara kauri yayin da suke hawa sarƙar abinci. Maganin ƙwari na DDT ya bi wannan hanya har ya kai ga tsuntsaye masu farauta, ya sa ɓawon ƙwansu ya yi laushi yana fashewa. Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972.

Abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ya nuna yadda guba ke bin hanyar da ba a zata ba. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya a yankunan Anka da Bukkuyum yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gari, a daka a turmi ko a niƙa a inji, wani lokaci a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a daɓen da yara ke rarrafe, ta manne a hannuwansu, ta shiga abinci da ruwan sha. Yara suka riƙa suma da jijjiga. Fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Maganin ya haɗa da kankare saman ƙasar gidaje a garuruwa irin su Dareta da Bagega, a zuba sabuwa, sannan a ba yaran maganin da ke fitar da dalma daga jini, domin ba shi da amfani a yi wa yaro magani a mayar da shi gidan da gubar take.

Yanayi da ɗumamar duniya

Ana bambanta yanayin yau da gobe, wato zafi ko hadarin wannan rana, da yanayin dogon zango, wanda shi ne matsakaicin halin wuri na tsawon shekaru 30 ko fiye. Sauyin yanayi yana magana ne a kan na biyun.

Hasken rana yana ɗumama doron ƙasa, ƙasa ta mayar da zafin sama. Wasu iskoki, wato tururin ruwa, kabon dayoksaid, metan da naitiros oksaid, suna tare wani ɓangare na zafin su hana shi fita. Ba domin su ba da matsakaicin zafin duniya ya kasance kusan digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyos, maimakon kimanin 15 da ake da shi. Matsalar ita ce ƙaruwarsu. John Tyndall ya auna yadda suke riƙe zafi a 1859, Svante Arrhenius kuma ya lissafa tasirin ƙaruwar kabon dayoksaid a 1896. Kafin zamanin masana'antu yawansa a iska kashi 280 ne cikin miliyan. Lokacin da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ya kai kimanin 315, yanzu ya wuce 420. Metan kuwa yana fitowa daga tumbin shanu da gonakin shinkafa da juji da yoyon bututun gas.

Kwamitin masana na IPCC, wanda aka kafa a 1988, ya bayyana cewa zafin duniya tsakanin 2011 da 2020 ya ɗara na 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.1, kuma ayyukan mutane ne sanadi. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta sa burin tsayar da ƙaruwar ƙasa da digiri 2, tare da ƙoƙarin kada ta wuce 1.5. Martani iri biyu ne: rage hayaƙi, ta hanyar wutar sola da ta iska da kare dazuzzuka, da kuma daidaita rayuwa da sauyin da ya riga ya zo, kamar shuka iri mai saurin nuna, gyara magudanan ruwa da gargaɗin ambaliya da wuri. Afirka tana fitar da kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai na kabon dayoksaid ɗin duniya, amma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, shi ya sa batun adalci da biyan diyya ba ya barin teburin tattaunawa.

Ramin ozon matsala ce daban, ko da yake ana yawan haɗa shi da ɗumamar duniya. Iskar ozon da ke tsakanin kilomita 15 zuwa 35 a sama tana tare hasken rana mai ƙona fata. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗin cewa sinadaran CFC na firji da gwangwanin feshi suna lalata ta, a 1985 kuma aka gano ta yi siranta ƙwarai a saman Antatika. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana sinadaran, kuma ozon yana farfaɗowa sannu a hankali.

Lalacewar ƙasa da kwararowar hamada

Kwararowar hamada, a ma'anar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1994, ita ce lalacewar ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwa sakamakon sauye-sauyen yanayi da ayyukan mutane. Tudun rairayi da ke binne gonaki, kamar yadda ake gani a arewacin Yobe da yankin Difa, fuska ɗaya ce kawai. Mafi yawan lalacewar tana faruwa ne a cikin gonaki da makiyaya: sare itatuwa, noma ba hutu, iska ta kwashe saman ƙasa, ruwa ya yanka kwazazzabai, jigawa ta koma fako. Farin 1968 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 su ne suka ja hankalin duniya ga lamarin.

Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980, daga baya ya ɗan farfaɗo. Tafki ne marar zurfi, kuma mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, don haka girmansa yana bin damunar can kudu. A dausayin Haɗeja da Nguru kuwa, madatsun Tiga na 1974 da Chalawa na 1992 sun sauya yadda ambaliyar shekara-shekara ke zuwa, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, abin ya shafi masunta da manoman fadama da makiyaya. Wannan ne ya sa ake kallon kogi daga mafarinsa zuwa ƙarshensa a matsayin abu guda wajen tsara rabon ruwa.

Ƙasar da ta lalace tana gyaruwa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututturen sabara ko kalgo ko gawo lokacin sharar gona, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Da yake saiwar tana nan da ranta a ƙasa, bishiyar takan tashi da sauri fiye da dashe. An ƙiyasta cewa hanyar ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. A yankin Tawa ana haƙa ramukan tassa da na rabin wata a kan fako, a zuba taki, su tare ruwan sama. Shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, ya karkata zuwa irin waɗannan dabaru bayan da aka ga dashe kaɗai ba ya wadatarwa.

Ci gaba mai ɗorewa da dokokin muhalli

Ci gaba mai ɗorewa, kamar yadda rahoton kwamitin Brundtland na 1987 ya yaɗa shi, shi ne biyan buƙatun mutanen yau ta hanyar da ba za ta tauye na 'yan baya ba. Taron Rio na 1992 ya gina a kan wannan, haka ma muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015. Ƙa'idoji biyu sun shiga dokokin ƙasashe da yawa. Ɗaya ita ce wanda ya gurɓata shi zai biya kuɗin gyara. Ɗayar ita ce rigakafi ya fi magani: idan akwai alamar babbar ɓarna da ba za ta gyaru ba, rashin cikakkiyar hujja ba dalili ba ne na jinkirta kariya. A sarrafa shara kuma ana bin jeri: a rage abin da ake zubarwa, a sake amfani da abin da zai yiwu, sannan a narka ko a sarrafa ragowar, aikin da 'yan gwangwan da 'yan jari-bola suke yi a biranen ƙasar Hausa.

A Najeriya, jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988 ne ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a wannan shekarar. Hukumar NESREA ta 2007 ce ke sa ido kan bin ƙa'idoji a yanzu. Dokar 1992 ta wajabta tantance tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Tantancewar tana auna halin ruwa da iska da ƙasa da halittun wurin, ta hango abin da madatsa ko hanya ko masana'anta za ta sauya, ta kawo hanyoyin rage illa, ta kuma saurari mutanen da abin zai shafa. Ingancinta ya dogara ga abu biyu: awo na gaskiya da ake ci gaba da yi bayan an gama aikin, da shigar da manoma da makiyaya da masuntan wurin tun daga farko, domin su ne suka san inda ruwa yake kwanciya da inda dabbobi suke bi, kuma su ne za su zauna da sakamakon.